Awo ya nuna matsalar daga wajena take, amma matata ake zargi

Tambaya

Assalamu alaikum, Yaya. Ni direban kamiyo ne daga Tawa, ina ɗaukar albasar Galmi zuwa Abijan da Akara. Shekarata 34, matata 27. Shekara shida ke nan da aurenmu, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Babu inda ba a kai ta ba. Ta sha rubutu, ta sha saiwoyi, an yi mata eko, wato hoton ciki, an yi mata wannan hoton mahaifa mai zafi da ake ɗura ruwa, duk aka ce lafiyarta lau. Ungozomar da ta duba ta ta ce a turo maigida, na ƙi zuwa, don na san babu abin da ya same ni a shimfiɗa.

Bayan damina da na biyo ta Yamai sai na shiga wani labo a ɓoye. Lokacin sati biyar rabona da gida. Aka ba ni ƴar kwalba, na kasa yi a can saboda kunya, na koma masaukina a Harobanda. Kafin in samu taksi in haye gada in kai musu an fi awa biyu. Sakamako ya ce ƙwayoyina miliyan 6 ne a kowane mililita, masu tafiya gaba kashi 20 cikin 100, an rubuta oligo-asthénospermie. Wata guda kafin nan palu, zazzaɓin cizon sauro, ya kwantar da ni sosai. Ina shan sigari, ina shan tramol idan tafiyar dare ta kama. Wani lokaci in na daɗe a kan sitiyari gefen hagu na marainana yakan yi mini nauyi.

Wata huɗu ke nan takardar tana cikin mota, ban nuna wa kowa ba. Wani abokina mai sayar da magani ya ce in bari ya riƙa yi mini allurar testosteron, wai ita ke ƙara maniyyi. Inna kuma ta riga ta nema mini auren ƴar ƙawarta, an ce bayan babbar Sallah. Matata ta ce ta yarda, tunda ita Allah bai ba ta ba. Wannan maganar tata ita ta hana ni barci. In yi allurar? In yi auren ko Allah zai sa a dace? In na faɗa mata, da wane ido za ta riƙa kallona?

Wani direba daga Tawa

Amsa

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tambaya uku ka yi, zan fara da ta allurar, don ita ce za ta iya yi maka ɓarna tun kafin ka gama shawara da zuciyarka. Kada ka yarda a tsira maka ita. Ko kyauta ce, ko abokin naka ya rantse cewa wane da wane sun yi sun dace, ka ce masa na gode.

Maraina ba su aiki da ra'ayin kansu, umarni suke jira daga sama. A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wata ƴar halitta da ke sakin sinadarai biyu cikin jini, likitoci na kiran su LH da FSH. Na farko shi ke sa maraina su yi testosteron, sinadarin mazakuta, na biyu shi ke tura su ƙera ƙwayoyin haihuwa. Kullum ƙwaƙwalwa tana auna yawan testosteron ɗin da ke yawo cikin jini: in ya yi ƙasa ta ƙara aike, in ya cika ta rage. Kai ka fi ni sanin ɗan biɗa da ke Abijan. Muddin ana yi masa waya cewa rumbu ya yi ƙasa, aike ba ya yankewa. Ranar da aka ce masa rumbu cike yake, sai ya ɗaure bakin aljihu, ko da kuwa hatsin na aro ne. To allurar nan hatsin aro ce. Jini zai cika da testosteron, ƙwaƙwalwa ta tsayar da LH da FSH, maraina su zauna ba aiki. Testosteron ɗin da ƙwayoyin haihuwa ke buƙata kuwa shi ne wanda ake yi a cikin marainan kansu, inda yawansa ya ninka na cikin jini sau da dama, kuma na allura ba ya cike wannan gurbin.

Har ma an taɓa gwada ta da gangan don hana haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta yi wa wasu maza lafiyayyu masu haihuwa wannan allura kowane sati, kuma a sakamakon da ta fitar a 1990, kusan biyu cikin uku nasu ƙwayoyinsu sun ƙare ƙaf cikin wata shida. Waɗannan fa mutane ne da suka fara da ƙwayoyi cikakku, ba da miliyan 6 ba. Muguntar abin ita ce za ka ji daɗin jikinka. Sha'awa za ta ƙaru, gajiya ta ragu, ka riƙa yi wa abokinka addu'a, alhali ɗan abin da ya rage maka yana ƙarewa. In an daina, yawancin maza sukan farfaɗo cikin wata shida zuwa shekara, wasu sai sun kai shekara biyu. Ba ka da shekara biyun da za ka zubar haka kawai.

Haka nan maganin ƙarfin maza da ake tallarsa a tasha da bakin kasuwa, na kwalba da na ƙulli. Sau da yawa in an kai irinsu awo sai a tarar an cuɗa su da sinadarin Viagra ba tare da an rubuta ba. Ko ya yi aikin da aka saye shi dominsa, ba ya ƙara ƙwaya ko ɗaya.

Wannan ya kawo mu ga dalilin da ya hana ka amsa kiran ungozoma. Ƙarfi a shimfiɗa daban, haihuwa daban. Ruwan da kake gani, kusan dukansa daga wasu halittu ne da ke kusa da mafitsara, ƙwayoyin haihuwa ba su kai kashi 5 cikin 100 nasa ba. Mutumin da ba shi da ƙwaya ko ɗaya zai iya zama jarumi wajen iyalinsa, ruwansa da yawa, da kauri, da fari, ba abin da ido zai gane. Sai madubin labo. Rashin sanin wannan ya sa mata da yawa sun ƙare ƙuruciyarsu suna shan ɗaci a kan ciwon da ba nasu ba. A rahoton OMS na 2023, kusan mutum ɗaya cikin shida a duniya yakan gamu da matsalar haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma likitoci sun daɗe da sanin cewa a kusan rabin gidajen da abin ya shafa akwai hannun namiji a ciki, ko shi kaɗai ko tare da matar. Sai dai a ƙasa irin tamu, inda mace a matsakaici take haihuwar wajen ƴaƴa shida, gidan da ba a yi suna ba kowa ya san shi, kuma ba a tambayar wa za a kalla.

Yanzu ɗauko takardar daga mota mu karanta ta tare. Waccan doguwar kalmar Faransanci abu biyu kawai take faɗa: ƙwayoyin ba su da yawa, kuma masu tafiya a cikinsu sun yi kaɗan. A ma'aunin da OMS ta sabunta a 2021, ana so a ga aƙalla miliyan 16 a kowane mililita, ko miliyan 39 a jimillar abin da ya fito, da kashi 30 cikin 100 masu tafiya gaba, da kashi 4 masu cikakkiyar siffa. Naka ya yi ƙasa, ba na musu. Amma ka san yadda aka samo waɗannan lambobi? An tara maza ne waɗanda matansu suka yi ciki cikin shekara guda, aka auna su, aka ja layi a inda 95 cikin 100 suke sama. Ke nan biyar cikin kowane ɗari na waɗannan iyaye suna ƙasa da layin, kuma ga ƴaƴansu a hannu. Mai miliyan 6 ba bakarare ba ne. Mutum ne da damarsa a kowane wata ta ragu.

Sannan awon naka an yi shi a baibai ta wajen uku. Na farko masassarar. Ƙwayar haihuwa tana ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ta kammala a cikin maraina, sannan ta ƙara wasu kwanaki a hanya, kusan wata uku ke nan gaba ɗaya. Zazzaɓi mai zafi irin na palu yana lalata waɗanda ake cikin ƙerawa, ɓarnar kuma ba ta bayyana sai bayan makonni. Kai kuwa wata guda bayan ka tashi daga jinya ka je, daidai lokacin da ɓarnar ke fitowa. Na biyu, ana so mutum ya yi kwana 2 zuwa 7 bai kusanci iyali ba kafin awo, ba sati biyar ba, don ƙwayoyin da suka daɗe a ajiye tafiyarsu takan mutu. Na uku, kwalbar. Cikin awa guda ya kamata a fara duba ta, kai ka zauna da ita a bakin titi cikin ranar Yamai kana tsayar da taksi. Wannan kaɗai ya isa ya rage kason masu motsi.

Ba zan yi maka daɗin baki ba. Jinkirin taksi yana kashe tafiyar ƙwaya ne, ba ya rage yawanta, kuma tsakanin 6 da 16 akwai tazara. Ga kuma shekara shida ba ciki, ga mace da aka duba aka ce lafiya. Mai yiwuwa ne awo na biyu ya fi wannan kyau amma bai kai ba. Abin da nake so ka gane shi ne babu likitan kirki da zai yanke hukunci da awo guda, balle irin wannan. Tunda wata huɗu sun wuce, yanzu ne lokacin maimaitawa. Ka ƙirga kwana uku ko huɗu, ka yi shi a cikin labon in da hali, ko a masaukin da ke kusa, ka sa kwalbar a aljihun da ke jikin fatarka, ka tabbatar babu abin da ya zube, musamman na farkon fitowa, don a nan yawancin ƙwayoyin suke. Kada ka yi amfani da kwaroron roba na kanti, akwai abin da ke kashe ƙwaya a jikinsa. In kunya ko shakkar halacci ce ta dame ka, tafi da matarka, ita ce halalinka, ta taimaka maka. Ka ga ke nan ko awon ma ya fi sauƙi in ta sani.

Da takardun biyu za ka je wajen likitan mafitsara da al'aurar maza, wanda a asibiti ake ce wa urologue. Ka fara tambaya a babban asibitin jiha nan Tawa. In ba a samu yadda ake so ba, Yamai dai hanyarka ce, kuma asibitin Amiru Bubakar Jallo da ke Lamorde yana da sashen wannan aiki.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wasiƙarka shi ne nauyin nan na gefen hagu. Akwai wani kumburin jijiyoyin jini da ke saman maraina, likitoci na ce masa varicocèle. Jinin da ya kamata ya koma sama sai ya taru a nan, ya ɗumama marainan, su kuwa an halicce su a waje ne domin su fi jiki sanyi da digiri biyu ko uku. Yana samun kusan maza 15 cikin 100, amma a cikin mazan da ke neman haihuwa ba su samu ba yakan kai 35 zuwa 40 cikin 100. Kusan kullum a hagu yake, nauyinsa yana ƙaruwa da yamma ko bayan aiki, ya lafa in an kwanta. Likita zai tsayar da kai a tsaye, ya ce ka riƙe numfashi ka yi nishi, ya taɓa ya ji, wataƙila ya ƙara da eko. Ban ce shi ne ba, daga nesa nake. Amma in shi ne, ka yi hamdala, don yana cikin abubuwan da ake gyarawa da ƙaramar tiyata, kuma yawancin waɗanda aka yi wa awonsu yakan gyaru cikin wata uku zuwa shida.

Zai yi maka wasu tambayoyin da za su sa ka sunkuyar da kai. Ka amsa su tsakani da Allah. Ko ka taɓa yin ciwon sanyi, mai fitar da mugunya da zafin fitsari, ka sha kafso biyu a tasha ya lafa ka manta? Irin wannan ciwon in ba a kashe shi da kyau ba yana barin tabo a siririn bututun da ƙwaya ke bi. Akwai ma wanda ba ya nuna alama ko kaɗan, kuma in an same shi ku biyu za a yi wa magani lokaci guda. Ko ka yi hangum bayan ka balaga, har maraina suka kumbura? Ko an taɓa yi maka aikin ƙaba? Ko kana yaro ka yi fitsarin jini bayan wanka a tabki? Mu nan da yawa muna ɗaukar tsargiya abin ƙuruciya ne da ke wucewa, alhali ƙwan tsutsarta yana iya zama a halittun da ke yin ruwan maniyyi, kuma maganinta, praziquantel, ba shi da wuyar samu. Bayan haka za a ɗebi jini da safe a auna FSH da testosteron. In har aka ga saƙon ƙwaƙwalwa ne ya yi rauni, akwai magungunan da ke zaburar da jiki ya yi nasa testosteron ɗin da kansa, irin su clomifène da hCG. Likita ne ke rubuta su bayan awo, kuma aikinsu kishiyar allurar abokinka ne.

Tramol ya kamata ya fita daga motarka. Dangin maganin da ya fito daga cikinsu suna danne LH ɗin nan da muka yi magana, su rage testosteron da ƙwayoyi tare, ban da farfaɗiyar da yake jawowa in an zarce, kai kuma kana riƙe da tan-tan na albasa da ran yaron mota. In shan ya zama na kullum, kada ka yanke shi dare ɗaya, ka faɗa wa likita ya rage maka sannu a hankali. Sigari ma haka, yana rage yawa da tafiya. Zafin kujera kuma ba ƙarya ba ne ga mai zama awa goma a kan inji cikin watan Afrilu: ka riƙa sauka kana miƙe ƙafa duk bayan awa biyu, ka bar matsattsen wando. Waɗannan ba su ne za su mai da 6 ya zama 40 ba, amma ba su cin ko dala.

Akwai kuma lissafin da ban ji ka yi ba. Kwanakin da mace ke iya ɗaukar ciki a wata ba su wuce shida ba: kwana biyar kafin ƙwanta ya fito, da ranar fitowar. Ƙwan yana fita ne kimanin kwana 14 kafin al'ada mai zuwa, wato ga mai zagayen kwana 28, daga kwana na 9 zuwa na 14 in an fara ƙirga daga ranar da jini ya zo. Mutumin da ke sati biyar a hanya, ya kwana biyar ko shida a gida ya sake lodi, zai iya shekara guda bai dace da waɗannan kwanaki ba sai sau biyu ko uku. Shekara shidan nan taku, in aka tace, ba shida ba ce. Ka zauna da ita ku duba kwanakinta, ka nemi maigidan mota ya daidaita maka tafiya, ko ka karɓi gajeren zango na ƴan watanni. In kana gida a kwanakin, kowane kwana biyu ya wadatar. Kada ka ce za ka tara, tarawa ba ta ƙara komai.

To, matarka.

Ƙanena, wata huɗu ke nan kana riƙe da abin da zai sauke mata kayan da ta ɗauka shekara shida, ka bar shi a mota. Na fahimci tsoron, ba na raina shi. Amma ka duba abin da ya faru cikin waɗannan watanni. Ta ci gaba da zuwa sunan ƙannenta tana murmushin dole. Ta ci gaba da jin habaici a gidanku. Har ta kai ta buɗe baki ta ce ta yarda a yi mata kishiya, don ita Allah bai ba ta ba. Wannan yardar ba yarda ba ce, domin a kan labarin da ba gaskiya ba ta bayar da ita, kuma kai ka san haka, shi ya sa barci ya ƙaurace maka. Kafin ka yi awo, rashin sani ne. Daga ranar da ka karɓi takardar, duk kofin saiwar da ta sha, kai ka bari ta sha.

Ka faɗa mata a wannan zuwan, kafin awo na biyu, ba bayansa ba. In ka ce sai ka ga sakamako, gobe za ka ce sai bayan tiyata, jibi ka ce sai an ga ko ciki zai shiga. Ba ta waya ba, ba kuma daren da za ka tashi da asuba ba. Ka zaɓi lokacin da babu kowa a gidan, ka miƙa mata takardar a hannu ko da ba ta karanta Faransanci, ka ce: na je an auna ni, an ga ƙwayoyina sun yi kaɗan, likita zai duba ko akwai magani, na ɓoye miki wata huɗu saboda kunya, ki yafe mini. Kada ka ƙara da dogon bayanin kare kai. Za ta iya yin kuka, za ta iya yin fushi, za ta iya tuna maka ranar da ta dawo daga hoton mahaifa tana dafa bango, ungozoma ta ce a turo ka, ka ƙi. Ka ji, ka yi shiru, haƙƙinta ne. Ka tambaye ni da wane ido za ta kalle ka. Ban san zuciyarta ba, amma macen da ta yarda a kawo mata kishiya don kai ka samu ɗa, ba mai neman hanyar raina ka ba ce. Abin da zai zubar da girmanka a idonta shi ne ta tsinci takardar nan da kanta wata rana, ta duba kwanan watan da ke jikinta.

Kuma ita ma tana da haƙƙin ɗa kamar yadda kake da shi. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya ji wani mutum da ba ya haihuwa ya yi aure, ya tambaye shi ko ya sanar da matar, ya ce a'a, sai ya ce masa je ka sanar da ita, ka ba ta zaɓi. Kai ba ka kai matsayin wancan mutumin ba, amma ka ga inda magabata suka ajiye maganar: ba sirrin miji kaɗai ba ne. Shekararta 27, tana da sauran lokaci, sai dai haihuwar mace tana fara ja da baya sosai bayan 35, don haka duk shekarar da aka ɓata a ɓoye-ɓoye daga nata rabon ake yanka.

Inna kuwa kai za ka same ta, kai kaɗai, ba tare da matarka ba, don kada a ce ita ta kitsa. Ba ta buƙatar lambobi. Ka ce mata: Inna, na je asibiti, likita ya ce jinkirin daga wajena yake, ana nema mini magani, ina roƙon a dakata da maganar auren nan, kuma a daina ba yarinyar nan saiwoyi. Za ta musa, za ta ce a danginku ba a taɓa yi ba, za ta ce asiri ne. Kada ka yi gardama da ita, ka roƙe ta addu'a, ka tuna mata cewa Annabi (SAW) ya ce a nemi magani. Uwa ba ta tallar sirrin ɗanta, kuma daga ranar za ka ga harshenta ya sauya a kan surukarta.

Game da auren: ƙarin aure halal ne, ba ni zan hana ka abin da Allah ya halatta ba. Amma wannan da ake shiryawa ba don so ba ne, magani ake nema da shi, kuma ciwon ba a ɗakin uwargida yake ba. In ka shiga da ƙwayoyin nan yadda suke, abin da ya fi yiwuwa shi ne bayan shekara biyu kana da mata biyu ba goyo, ka raba ƴan kwanakin da kake gida gida biyu, unguwa kuma ta yi wa kanta lissafi ba tare da takardar labo ba. Sirrin da kake gudun tonuwarsa, auren ne zai tona shi. Ka nemi a ɗaga. In an gama magani ka ga har yanzu kana da ra'ayi da hali, sai ka sanar da waliyyin yarinyar halin da ake ciki, su shiga da idonsu a buɗe.

Kuɗin sadaki da lefe da biki kuma ka riƙe su, za su yi maka rana. In tiyata da magani ba su kai ku ga biyan buƙata ba, akwai matakai a gaba. Ana wanke maniyyin miji a tace masu ƙarfi a sa su kai tsaye cikin mahaifa a ranar da ta dace. Ana haɗa ƙwai da ƙwaya a labo a mayar cikin mahaifa, abin da aka fara samun haihuwa da shi a Ingila a 1978. Tun 1992 ma ana iya ɗaukar ƙwaya guda a tsira ta cikin ƙwai, dabarar da aka yi ta musamman saboda maza masu ƙarancin ƙwaya. Ana yin waɗannan a Abuja da Legas da Akara da Tunis, da tsada, kuma ba kowane gwaji ke kamawa ba. Ta fuskar addini, majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman a 1986, ta halatta su muddin ƙwayar ta mijin ce, ƙwan na matar ne, a mahaifarta, suna cikin aure, ta kuma haramta shigo da na wani. Wannan maganar gaba ce, ban so ka tsallake awo na biyu ka fara lissafin kuɗin jirgi.

Abu guda nake so ka ɗaure a zuciyarka tun yanzu, don yana rusa gidaje. Namiji ya ga takarda irin taka, ya yanke wa kansa cewa ba ya haihuwa, bayan wata takwas matarsa ta yi ciki, maimakon murna sai shaiɗan ya zauna masa a kunne, balle mai yawan tafiya. Mai miliyan 6 yana yi wa matarsa ciki, da magani ko ba magani. In ta zo maka da albishir, naka ne, ka sayi rago.

Ranar ganin likita ka tafi da takardar farko da ta biyu, da duk takardun matarka, na eko da na hoton mahaifa, da kwalin duk wani magani da kake sha, har da tramol ɗin. In ta yarda ta raka ka, ku shiga tare. In sakamakon ya fito akwai abin da bai gamsar da kai ba, sake rubuto mini da lambobin yadda suke a takarda.